Baffa da Hannun da Ya Karya

Ranar da Baffa ya rasu, ban ji mutum biyu sun yi masa shaida iri ɗaya ba. Liman ya ce gari ya yi rashin bango. Wani tsoho da suka yi dambe tare a ƙuruciya ya zauna bakin tabarma, ya shafa fatiha, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Yau dai sanduna sun huta." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon ƙofar zaure kamar mai gidan zai fito ya nemi wanda ya fara. Wata makauniya ta zo tun daga Kwaya a amalanken jaki, ba danginmu ba ce, ta zube a tsakar gida tana dukan ƙasa tana cewa wa zai sake tsaya wa irinta. Maƙwabcinmu na gabas, wanda Baffa ya taɓa fasa wa baki a kan iyakar gona, ya yi gaisuwa a tsaye ya juya. Ban ga laifinsa ba.

Inna, matar Baffa, ba ta yi kuka ba. Tana zaune ƙofar ɗakinta da carbi, duk wanda ya shigo tambaya guda take yi masa: "Kurma ya iso?"

Bai iso ba. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina yaro a ƙauyenmu da ke kusa da Dogo-Dogo, kuma wasiyya ɗaya tak ya bari. Ya faɗe ta gaban liman, ya maimaita ta gabana: kada a kai shi makwanci sai Kurma ya zo ya tsaya a kansa, don shekara shida yana neman gafarar mutumin nan bai samu ba. Ya cika da hantsi, cikin zafin bazara. Muka jira azahar, muka jira la'asar. Babban Yaya, ɗansa na fari, ya miƙe ya ce, "Wanda ya ƙi yafe masa yana da rai, shi zai taso don gawarsa? Gawa ba ta jira. A ɗauka." Aka ɗauka. A lokacin ni ma na ɗauka ƙin zuwa Kurma ya yi.

Ina rubuta wannan don kada a manta da Baffa, kuma ba zan wanke shi ba, don da yana nan ya ji ina wanke shi da ni ma na sha sanda.

Gajere ne, baƙi, mai kaurin wuya, kullum da gora a hannu ko masallaci za shi. Yakan ce magana sau ɗaya ce, ta biyu ta sanda ce. Inna takan ce ita shekara arba'in ta yi tana kwana kusa da murhu, ba ta san ranar da zanenta zai kama ba. Amma idan ya doke ka da safe, da yamma sai ka ga ƙwaryar fura mai nono a ƙofar ɗakinka, ba ya cewa komai, kai ma ba ka isa ka ce ka gode ba. Mu da muka tashi a gidansa mun san ɗanɗanon furar nan sosai.

Kurma kuwa makiyayi ne, danginsa suna zaune arewa da mu, suna noma kaɗan suna kiwon shanu. Haka aka haife shi, ba ya ji ba ya magana sai da hannu. Ba baƙo ba ne a gidanmu. Kowace shekara in an gama girbi, shanunsa a gonar Baffa suke kwana su bar taki, Baffa ya ba shi dammunan hatsi. Sukan zauna gindin gawo su sha nono, ɗaya ba ya magana, ɗaya ba ya son magana, sai ka ce wa da ƙane.

A ƙasarmu akwai ranar sakin gonaki. Manya su zauna su sa rana. Kafin ranar, ba dabbar da za ta taka gona. Bayan ranar, abin da ka bari a gona rabon shanu ne. Tun da can mai shela ne ke bi da ganga, ƙauye-ƙauye, rijiya-rijiya, yana faɗa. In ya zo wurin Kurma sai ya ɗauko igiya ya ƙulla ƙulli daidai da kwanakin da suka rage. Kullum da safe Kurma ya kwance ɗaya. Ranar da igiya ta miƙe, ya kora shanu.

A shekarar da abin ya faru, mai shela ya ba shi igiyarsa ran kasuwa kamar kullum. Sai ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa, wake bai bushe ba, aka ɗaga ranar da kwana goma. Lokacin mai gari ya riga ya buɗe gurup a waya, wato zauren tura saƙo, an zuba lambobin kowa, manoma da makiyaya, ni nake riƙe da shi don ina da rumfar cajin salula kuma an ce muryata na fita tar. Mai gari ya ce kada a wahalar da tsoho da ganga, in tura kawai. Na gyara murya na ce, "Jama'a a saurara," na faɗi sabuwar rana, na tura, har na sake saurare sau biyu don daɗin muryata. Kurma ma yana cikin gurup ɗin. Yana da waya, hotunan shanu yake kallo a ciki. Saƙon ya shiga aljihunsa lafiya lau.

Da tsohuwar ranar ta zo, da sassafe wata mata ta shigo da gudu ta ce shanu na cikin waken Baffa. Ya zari ƙotar gatari, muka bi shi, mu kamar goma sha wani abu. Muka tarar da shanu sun baje, rabin gona ya tafi. Kurma na tsaye ya ba mu baya. Baffa ya daka masa tsawa, shi da ya fi kowa sanin ba ya ji. Da Kurma ya juyo, murmushi yake. Ya ɗaga hannun dama da igiya a ciki, yana nuna wa abokinsa ta miƙe.

"Kowa ya ji!" in ji Baffa. "Kowa ya ji!"

Ya sauke masa ƙota a hannun. Na ji ƙarar ƙashi. Kurma ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya sake ɗaga hannun don ya yi bayani, Baffa ya ƙara masa a wuri guda. Ya faɗi, jama'a suka rufe shi. Ni ma na kai masa ƙafa a haƙarƙari, ba zan ɓoye ba. Wani ya sari agarar wata saniya da adda, ta durƙushe tana kuka. Kafin rana ta take, dangin Kurma sun iso da baka da takubba, an ƙona rumbu biyu namu, an ƙona bukkoki uku nasu, an soki wani saurayi a cinya. Da jandarmomi ba su iso ba, da an haƙa kaburbura a ranar.

Baffa ya yi kwana tara a kulle. Ranar da ya dawo, bai ko sha ruwa ba Inna ta jefa masa igiyar a cinya, da jini a bushe a jikinta. Mai shela ya riga ya zo ya faɗa mata komai.

"Malam, ka san abin da ka karya?" in ji ta. "Ba hannu ba ne. Da shi yake gaisuwa, da shi yake ciniki, da shi yake kiran 'ya'yansa. Bakinsa ka karya."

Na tabbata zai mare ta. Bai mare ta ba. Ya tashi ya zo rumfata, ya fizge wayata daga caji, ya kawo ta gida ya jefa a turmi, ya ɗauki taɓarya. Yana daka yana cewa, "Mai shela yana da ido! In ya ga kurma ya san kurma ne! Wannan tsiyar taku baki kawai gare ta!" Sai da ta zama gari ya ajiye taɓarya.

Maɗori ya yi iya yinsa, amma yatsu uku na Kurma suka ƙage, suka lanƙwashe ciki. Maganarsa ta koma kamar ta mai in'ina.

Mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makarantar boko, shi ne ya gaya wa Baffa cewa wayar ma tana da ido in an so, ana iya ɗaukar mutum yana maganar hannu a tura. Baffa ya sayar da rago ya saya mini wata wayar, ya miƙo mini ba ko ban haƙuri. Sannan ya hau bayan moto, wato babur, na kai shi kasuwar Sassumbrum, inda kurame ke haɗuwa gindin wata tsamiya, wai ya zo koyo. Labarinsa ya riga shi zuwa. Ɗaya daga cikinsu ya jefe shi da dutse ya fasa masa gira. Ina tsaye ina kallo, jini na bin gemunsa, gora na hannunsa, bai ɗaga ta ba. A iya sanina wannan ne karo ɗaya a duniya da aka taɓa Baffa bai rama ba. Kasuwa ta zagayo ya koma. Sai da ya yi wata biyu yana zama nesa da su kafin wata tsohuwa a cikinsu ta yafito shi. Suna koya masa suna yi masa dariya, don yatsunsa sun saba da ƙotar hauya, wai in ya ce saniya sai ya zama kamar ya ce jaki.

Daga nan ya kafa doka a gari, ba wanda ya naɗa shi. Duk sanarwar da za ta shiga gurup sai ta shiga kashi uku: murya don makafi da waɗanda ba su yi karatu ba, rubutu don masu karantawa, hannu don kurame. Hannun shi ne. Ya sa farar riga don yatsunsa su fito, ya tsaya jikin zana inda rana ke haskawa, ni in riƙe waya. In an gama wa'azi ko taron mai gari, sai ka ji muryarsa daga baya: "To, wa bai ji ba?" Mutane suka riƙa yi masa laƙabi da haka, amma a bayan idonsa.

Kada a ɗauka tuba ta sanyaya shi. Hali zanen dutse ne, wurin dukan kawai ya sauya. Wata rana aka ce a sanar da zuwan masu allurar dabbobi, rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni, bidiyo ya ƙi tafiya, na tura murya kawai na ce gobe na ƙarasa. Ya same ni a rumfa gaban masu caji ya sauke mini gora bayan kunne. Ɗinki huɗu aka yi mini a gidan likita. Da yamma ga fura. Na sha ina zaginsa a zuci, kuma har yau ban ce ya kyauta ba.

Makauniyar nan ta Kwaya ma ta hanyar faɗa suka san juna. Wasu mutanen furoje, masu aikin tallafi, suka zo rabon iri, suka ce kowa zai ga lambarsa a rubuce a waya, ya kawo ya karɓa. Ita ta ba wani ya duba mata, ya ce ba abin da ya shigo, ya je ya karɓe rabonta. Baffa ya ji labari. Da suka dawo taro, ya ratsa mutane ya ɗora gora a kan teburinsu, ya warware rawaninsa, ya cafke babbansu ya naɗe masa ido tam, ya danƙa masa waya.

"Karanta min."

"Baba, ai ba na gani!"

"Ita ma haka. Karanta min, ko in karanta maka da wannan."

Da ƙyar aka ɓamɓare shi, saura kaɗan ya sake kwana a kulle. Amma zuwan da suka yi na gaba, kiran murya suka haɗa da rubutun. Wani makaho mai karatu a Magaria ya taɓa nuna masa cewa akwai wayar da ke karanta rubutu da baki. Baffa ya kasa kunne, ya ji Faransanci take yi, ya tofar da yawu ya ce, "Ita ma sai an kai ta Sassumbrum an jefe ta da dutse."

Duk rani, in Kurma na kusa, Baffa zai je rijiya da sassafe ya karɓi igiyar guga, don hannun Kurma ba ya iya jan ta sosai. Tsoho mai furfura yana shayar da shanun wani, tafinsa na tsagewa. In sun gama sai ya tsaya gabansa, ya shafa ƙirji ya buɗe tafi biyu, wato ka yafe mini. Kurma ya dube shi, ya ɗaga hannun nan mai lanƙwasassun yatsu ya danna iska a hankali: tukuna. Baffa ya ɗauki gorarsa ya dawo gida, ranar ko kaza ba ta isa ta gifta gabansa ba. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Nakan ji haushin Kurma, ina cewa wane irin riƙo ne wannan.

Ciwon ajali ya kwantar da Baffa kwana tara. Kurma yana can arewa da shanu, tafiyar yini biyu a ƙasa. A rana ta biyu Baffa ya kamo rigata ya ce, "Ka aika masa." Shi ba ya iya ɗaga hannu balle ya tsaya jikin zana. Ni kuwa shekara shida ina riƙe da waya ina ɗaukarsa, ban koyi komai ba sai alamar ruwa da ta saniya. Na tura murya a gurup na ce Baffa ba lafiya, yana neman Kurma. Na ce a raina ai ƙanensa yana ji, zai faɗa masa. Ban san ƙanen ya tsallaka iyaka ci-rani ba, ban kuma tambaya ba.

Kullum Baffa sai ya ce, "Ka aika?" In ce na aika. Ya juya fuska bango. A rana ta takwas ya daina tambaya. Da ya cika, na sake tura murya ina kuka.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ana rabon gumba a ƙofar gida, sai ga Kurma. Ƙafafunsa sun tsattsage, leɓensa ya yi fari. Bai gaida kowa ba. Ya taka tabarmi ya zo gabana, ya zaro waya ya kara mini ita a ido. Saƙonnina biyu ne a jere, murya da murya, ba komai a ƙarƙashinsu. Ya kwaɗa mini mari da hannun nan, na ji ƙagaggun yatsun kamar itace, sannan ya shaƙe ni muka faɗi kan ƙwaryar gumba. Babban Yaya ya ruga zaure ya fito da gorar Baffa. Maza suka miƙe, wani har ya ɗauki dutse. Na ga ranar gonar wake ta dawo, ina ƙasa ina ganin ƙafafu na matsowa.

Sai muryar Inna daga ciki: "Duk wanda ya taɓa shi ban yafe ba duniya da lahira! Ku shigo min da shi!"

Aka shigar da shi tsakar gida. Ya durƙusa gabanta ya fara magana da hannu. Sai muka ga Inna ta ajiye carbi tana ba shi amsa da hannu. Babban Yaya ya saki baki.

"Inna, dama kin iya?"

"Da wa kuke tsammani yake gwaji in ya dawo daga kasuwa? Ba wanda ya tambaye ni."

Ita ta fassara mana. Ya ce ya ga saƙo na farko, ya jira tsoho ya fito da farar riga kamar kullum, bai fito ba. Ya ɗauka rezo ne. Ya hau tudu, ya hau bishiya, kwana bakwai yana ɗaga waya sama. Da na biyu ya shigo shi ma ba tsoho, sai ya gane, don ya san in dai mutumin nan yana numfashi ba zai bari a tura murya ita kaɗai sau biyu ba. Ya bar shanu hannun wani ya taho a ƙasa.

Babban Yaya ya ce, "Tambaye shi, tunda ya damu haka, me ya hana shi yafe masa?"

Inna ta tambaya. Kurma ya ɗaga hannu. Da ya amsa, muryar Inna ta karye tun kafin ta kai ƙarshe.

"Ya ce ya yafe tun ranar da ya fara ganinsa a waya yana maganar hannu. Ya ce tsoro ya ji. In ya faɗa masa, hankalinsa zai kwanta ya daina, kurame su koma yadda suke, ba mai gaya musu komai. Ya ce ajiye ta ya yi, sai ranar da ya ji tsoho ya kwanta ya zo ya ba shi da idonsa biyu."

Nan Inna ta fasa kukan da ta riƙe kwana uku, har mata suka rirriƙe ta.

Ni na raka Kurma maƙabarta, wuyana na zafi, ba mai kallon wani. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba, ƙayar da muka jera tana nan. Ya durƙusa ta wajen kai, ya gyara zama yadda mai kwance zai fi ganinsa. Ya ɗora hannun da aka karya a ƙirji, ya share, ya watsar gefe. Wannan ban nemi mai fassara ba. Ya yi sau uku, a hankali, kamar yadda ake yi wa mai koyo.

Allah ka jiƙan Baffa. Ka auna masa rijiyar da ya ja da girar da aka fasa masa, kada ka auna masa ƙota, mai haƙƙin ya sauke. Ka sanar da shi a can, tunda mu mun kasa. Baffa ya mutu yana zaton an aika an ƙi zuwa, kuma ni ne na ce masa na aika.